Kwana 10 a Italiya da jirgin ƙasa, wurare 10, anya zai yiwu kuwa?

Abban_Hanifa:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka taɓa zuwa Italiya ko suke zaune can ku agaza min da shawara, sati biyu kenan ina zanawa ina gogewa har takardar ta fara yagewa. In Allah ya kai mu watan Oktoba muna son zuwa hutu ni da uwargida da 'yarmu mai shekara 7, sannan surukata ma ta ce ƙafarta ƙafarmu, ita kuma Hajiya tana fama da ciwon gwiwa ba ta iya doguwar tafiya a ƙasa. Kwana 10 cif na samu a wurin aiki, ba ƙarin ko yini ɗaya. Mota kam ba zan yi haya ba, ban san titunansu ba kuma an ce min akwai unguwannin tsakiyar gari da in ka kutsa da mota kyamara ce za ta ɗauke ka, tarar sai ka koma gida take biyo ka. Don haka jirgin ƙasa ne.

Ga abin da na tsara. Mu sauka Rum mu yi kwana 2, sai Napoli kwana 1 mu leƙa Pompeii, sai Amalfi kwana 1, daga nan mu haura Fulorens kwana 1, washegari Pisa mu wuce Cinque Terre mu kwana can, sai Benis kwana 1, Milan kwana 1, tafkin Como kwana 1, rana ta 10 mu dawo Rum mu hau jirgin sama. A taswira wallahi abin ya yi kyau, kamar zobe. Amma da na nuna wa uwargida sai ta kalle ni ta ce wannan ai gudun fanfalaki ka shirya mana, har yanzu ba mu gama shiryawa ba kan maganar. Ni kuma tunanina shi ne kuɗin tikiti da biza ba kaɗan ba ne, ban san yaushe za mu sake zuwa ba, gara a ga komai.

Toh tambayoyina: wannan tsarin zai yiwu ko kwaɗayi ne ya yi min yawa? Gara in sayi fas ɗin nan na Eurail ko in riƙa sayen tikiti ɗai-ɗai? Meye bambancin Trenitalia da Italo? Kuma kowa yana cewa a saya da wuri ya fi araha, alhali ni bizar ma ba ta fito ba tukuna. Sai maganar abinci da wurin sallah in akwai wanda ya sani. Na gode, Allah ya saka.

Dan_Bologna:

Wa alaikumus salam Yallaɓai. Ka je ka ba uwargida haƙuri tun dare bai yi ba, ita ke da gaskiya. Shekarata huɗu a Bologna ina karatu, duk baƙon da ya zo min da irin wannan jadawalin ranar ta biyar yake fara tambaya ko akwai kemis kusa.

Su jiragen ba su da laifi, gudu suke kamar me, masu gudun nan, Frecciarossa da Italo, suna taka kilomita 300 a awa. Rum zuwa Napoli awa ɗaya da minti 10, Rum zuwa Fulorens awa ɗaya da rabi, Fulorens zuwa Benis awa biyu da 'yan mintuna, Benis zuwa Milan wajen awa biyu da rabi. In ka kalli waɗannan lambobin sai ka ga kamar komai a bakin ƙofa yake, kuma nan ne mutane suke ruɗuwa. Abin da taswira ba ta nuna maka shi ne haɗa kaya da safe, yarinya ta ɓatar da takalmi ɗaya, a sallami otal ƙarfe 10 ko 11, a ja akwati zuwa tasha, a jira, a sauka, a nemo sabon otal, ka isa a gajiye a ce maka ɗaki sai ƙarfe 2 ko 3 na rana. Duk canjin masauki rabin yini ne ya tafi. Na ƙirga naka, sau 8 za ku ɗaga kaya, kwana 4 kenan cikin 10 ɗinka sun tafi a jan akwati. Kuma ka riƙa ƙirge da dare, kwana 10 ɗin nan dare 9 ne, ranar farko gajiyar jirgi, ranar ƙarshe filin jirgi.

Akwai wurare biyu a tsarinka da taswirar ta yaudare ka. Amalfi babu layin dogo gaba ɗaya, sai ka je Salerno ko Sorrento ka shiga bas ko jirgin ruwa, titin kuma kwana-kwana ne a gefen dutse, garin kansa matattakala ne sama da ƙasa, Hajiya ba za ta yafe maka ba. Cinque Terre ma haka, ƙauyuka biyar ne manne da dutse, ɗaya daga ciki Corniglia daga tasha zuwa cikin gari matattakala sama da 370 ne, sannan daga can zuwa Benis awa biyar ne ko fiye da canjin jirgi a hanya. Cire su duka biyun, ka bar su sai wata tafiyar.

Abu na biyu, kar ka sayi tikitin jirgin sama na zuwa da dawowa daga Rum. Ka nemi wanda za ka sauka a Rum ka tashi daga Milan, kusan duk kamfanoni suna yi, bambancin kuɗin sau da yawa bai kai abin da za ka kashe wajen dawo da mutum huɗu Rum ba, ga yini guda da ka tsira da shi. Ni da ni ne, Rum dare 4, Fulorens 2, Benis 2, Milan 1, jirgi uku kacal manya. Sauran wuraren ka je ka dawo a yini ba tare da kaya ba.

Trenitalia na gwamnati ne, su ke da Frecciarossa da Intercity da kuma na ƙananan garuruwa da ake kira Regionale. Italo kamfani ne mai zaman kansa, a 2012 ya fara, masu gudu kawai yake da su tsakanin manyan birane. Layi ɗaya suke bi, tasha ɗaya, lokaci kusan ɗaya, ni duk wanda ya fi araha ranar shi nake hawa. Sai dai tikitin wannan ba ya aiki a wancan, ka kula, duk jajaye ne mutum yana iya shiga ba daidai ba.

In za ka nema a manhajarsu da sunan Italiyanci za ka rubuta: Roma Termini, Firenze Santa Maria Novella, Venezia Santa Lucia, Milano Centrale, Napoli Centrale. Na Benis ɗin nan ka riƙe shi da kyau, akwai Venezia Mestre kafin nan, in ka ji an ce Venezia ka yi wuf ka sauka to a tudu ka sauka ba ka ga ko cokalin ruwa ba, sai jirgin ya bi wata gada mai kusan kilomita 4 a kan ruwa sannan ku iso Santa Lucia, minti 10 tsakani.

A tasha kuma lambar jirginka za ka bi a allon da aka rubuta Partenze, kar ka nemi sunan garin da za ka, don allon ƙarshen zangon jirgin yake nunawa, kai Firenze za ka amma a rubuce Milano ko Torino ne. Binario shi ne lambar layin da zai tsaya, yawanci sai saura minti 10 ko 15 yake fitowa, kar hankalinka ya tashi. Carrozza tarago, posto kujera.

Na ƙarshe wanda ya ci kuɗina satin farko da na zo. Tikitin Regionale na takarda dole ka zura shi a wani ɗan inji kore a bakin layi ya buga masa lokaci kafin ka hau. Ni ban sani ba, na hau da tikitina sabo fil ina ta murna, mai duba tikiti ya zo ya rubuta min tara, kuma laifina ne ba abin da zan ce. Na masu gudu ba sa buƙata tunda da lokaci da kujera a jiki. In a waya ka saya ma ka huta da injin.

Maman_Ikram:

Abban Hanifa sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ka ladan ɗaukar suruka. Duk abin da ɗana na Bologna ya faɗa haka ne, ni kan kaya zan yi magana don mu mata mun san halinmu. Ka faɗa wa uwargida da Hajiya wai in ji ni, akwati ɗaya matsakaici kowa, shi kenan. Mu da muka je da yara uku na cika manyan akwatuna huɗu har da wanda ban buɗe ba sai da muka dawo. A jirgin ƙasa ba mai auna maka kaya amma fa ba mai ɗaukar maka, kai za ka ɗaga ka hau da shi, kuma a tashoshin tsakiyar hanya jirgin 'yan mintuna yake tsayawa, ga yara ga jama'a suna turowa ta baya. Wurin manyan akwatuna a bakin tarago yake, ɗan kaɗan ne, in ka makara ya cika. Maigidana ranar nan sai da ya yi rantsuwa ba zai ƙara tafiya da ni ba, ya dai yi kaffara daga baya.

Benis ita ce ta koya min hankali. Ba mota ba babur ba keke, gadoji sun fi 400 kuma kusan kowace da matattakala, ka hau ka sauka. Mun kama masauki a can ciki don na ga hoton tagarsa tana kallon ruwa, ashe gada shida ce tsakaninsa da inda jirgin ruwa yake sauke mutane, ga shi hawa na uku ba lif. Don Allah kafin ka biya kowane otal a ƙasar nan ka tambaya akwai lif ko babu, tsofaffin gine-gine ne, kuma abin da suke kira hawa na ɗaya sai ka hau bene tukuna. Saboda Hajiya ka nemi masauki kusa da tashar Santa Lucia, unguwar Cannaregio, inda za ku taka ba gada ko ɗaya tak. Wasu suna kwana a Mestre don araha su riƙa shigowa da safe, ba laifi, amma ni a ganina daɗin garin da asuba ne da bayan magariba in 'yan yini sun watse. Bas ɗinsu na ruwa vaporetto, hawa ɗaya yuro 9.50 ne, ku huɗu ka ga lissafin, gara ku sayi katin kwana biyu. Lamba 1 ku hau tun daga tasha har San Marco, a hankali yake tafiya, Hajiya tana zaune za ta ga rabin garin ba ta taka ko'ina ba. Oktoba kuma lokacin da ruwa yake fara tasowa ne wasu ranaku, tun 2020 sun fara amfani da shingen da suka gina a bakin teku abin ya ragu sosai, amma dandalin San Marco ya fi ko'ina kwari yana iya jiƙewa.

Akwai wani abu da ban sani ba sai daga baya, a manyan tashoshi akwai ofishin da ake kira Sala Blu, na taimaka wa tsofaffi da masu lalurar tafiya ne, kyauta, ka sanar da su tun kafin ranar su zo da keke su kai ta har bakin tarago. Termini fa gari guda ce, wasu layukan sai ka yi tafiyar minti 10. Ka yi mata wannan.

Abinci kuwa ba za ku sha wahala ba in kun riƙe kalmomi kaɗan. Maiale shi ne alade. Prosciutto, pancetta, guanciale, salame, mortadella, speck duk nashi ne. Taliyar Rum da ake ta yabo, carbonara da amatriciana, da guanciale ake yi, ku bar su. Wanda ya fi ɓoyewa shi ne strutto, kitsen alade, suna sa shi a wasu burodi da kayan fulawa, ku tambaya. Wasu kayan zaƙin ma da giya a ciki, babà na Napoli jiƙe yake da ita sharkaf. Mu fiza margherita da marinara da taliyar tumatir da kifi muka yi ta ci, da cacio e pepe wadda cuku ce da masoro kawai, yaran har yau suna maganarta. In marmarin nama ya taso, kewayen Termini da kasuwar Esquilino cike suke da shagunan halal na 'yan Bangladash da Larabawa. Za ku ga an ƙara wani abu coperto a rasit, kuɗin zama ne na kowane mutum, ba cuta ba ce haka suke yi. Ruwa kuma kar ku yi ta saya a Rum, famfunan titi da suke kira nasoni ruwan sha ne mai sanyi, ku riƙe gora.

Ka yi ƙoƙari Juma'a ta same ku a Rum. Babban masallacin can a 1995 aka buɗe shi, yana cikin mafi girma a Turai, ginshiƙansa kamar itatuwan dabino. Ba a tsakiyar gari yake ba, daga Piazzale Flaminio ake hawa wani ƙaramin jirgi a sauka Campi Sportivi, amma da Hajiya ku shiga tasi kawai. Sauran ranaku ai matafiya ne ku, mu kasaru muka yi ta yi muna haɗawa a masauki kafin mu fita da bayan mun dawo.

Jaka a gaba, fasfo a cikin riga, musamman a Termini da metro lokacin cunkoso. Duk wanda ya zo wai zai taya ka danna injin tikiti ba ka kira shi ba, ka ce no grazie ka juya.

Forza_Napoli:

Haba jama'a!! Ina karantawa ina jiran in ga inda za a ce a kwana Napoli shiru. Oga Dan_Bologna kun zauna a arewa kun ɗauki ra'ayinsu wlh. Mutum ya je Italiya bai ci fiza a inda aka haife ta ba ai bai je ba. Eh garin da hayaniya, babura ta ko'ina, shanya a saman titi, amma shi ne garin da yake da rai, kuma komai ya fi araha a kan Fulorens da Benis. Ni na je bayan sun ɗauki kofin 2023 lokacin Osimhen, shekara 33 rabonsu da shi tun zamanin Maradona, gaba ɗaya garin shuɗi ne har igiyar shanya, in kai baƙin mutum ne yara suna ganinka sai su fara kiran sunan Osimhen. Ka shiga unguwar Quartieri Spagnoli ka ga hoton Maradona a bango, ka tsaya bakin teku ka hango dutsen Vesuvio.

Yaya Abban Hanifa ni dai shawarata ka cire Milan ka ba Napoli daren. Meye a Milan banda coci ɗaya da shagunan da ba mai iya sayen komai a ciki? Filin ƙwallo na San Siro kawai, shi ma in ba wasa ake ba kujeru za ka kalla.

Pompeii kuma daga tashar Napoli ka sauka ƙasa ka hau jirgin Circumvesuviana mai zuwa Sorrento, ka sauka Pompei Scavi, minti 35 zuwa 40, ƙofar na nan gabanka. Wani kamfani ne daban tikitinsa daban, kuma yana cika, wani lokacin a tsaye za ka je. Garin da dutse ya yi aman wuta ya binne a shekara ta 79, har gidan burodinsu da sawun tayar keken doki a kan dutse suna nan. Amma gsky Hajiya kar ta shiga, duwatsun titin manya ne ba su daidaita ba, ni mai ƙafa lafiya sai da na gurɗe.

Malam_Mai_Lissafi:

Ni kan kuɗi zan tsaya. Fas ɗin Eurail a irin tafiyarka asara ce. Dalili, ko kana da shi duk lokacin da za ka hau Frecciarossa sai ka biya kuɗin kujera daban, wajen yuro 13 kowane mutum, Italo ba ya karɓarsa, Circumvesuviana ma haka. Kai kuma manyan tafiye-tafiyenka uku ne, huɗu ko biyar in ka sa Napoli. Rum zuwa Firenze na sha samunsa ƙasa da yuro 30 in na saya da wata ɗaya ko biyu, ranar tafiya kuwa wajen 50 ne. Regionale farashinsa ba ya motsi, ko yau ko wata uku duk ɗaya, don haka na Pisa ka bari sai ranar, bai kai yuro 10 ba.

Maganar biza da ka kawo ita ce tambaya mai kyau. Tikitin Trenitalia hawa-hawa ne, Base, Economy, Super Economy. Base ya fi tsada amma ana canzawa kuma ana mayar da mafi yawan kuɗin, Super Economy kuwa in ka saya ka saya, ko minti ɗaya ka makara ya tafi. Italo ma haka nasa yake da wasu sunaye. Toh kar ka zuba kuɗi a mai arahar kafin fasfo ya dawo hannunka. Ana iya neman bizar Schengen tun saura wata 6, ka nema da wuri, a ƙa'ida kwana 15 ne amma yana iya ja har 45. Yuro 90 babba, 45 yaro mai shekara 6 zuwa 12, da inshorar lafiya wadda za ta iya biyan kuɗin magani har yuro 30,000. Otal ka kama waɗanda ake sokewa kyauta, ka rubuta jadawalinka a takarda ɗaya, kuma ka ga wani amfanin rage garuruwan kenan, otal huɗu sun fi takwas sauƙin haɗa takardu. Biza na fitowa a daren ka sayi na jirgin ƙasa. Ka duba rangwamen iyali, duka kamfanonin biyu suna da tsarin da yaro yake hawa kyauta ko da ragi in yana tare da babba, amma ka gwada da shi da babu shi, wani lokacin mai arahar kowa-da-kowa ya fi sauƙi.

Ranar da kuka sauka kar ka sayi tikitin wani jirgi mai lokaci, jirgin sama na iya makara. Daga filin jirgin saman Rum, Fiumicino, akwai jirgin ƙasa Leonardo Express, minti 32 zuwa Termini, yuro 14. Amma ku huɗu da kaya ka gwada da kuɗin tasi, farar tasi ta hukuma tana da tsayayyen farashi zuwa tsakiyar gari, a rubuce a jikin ƙofa.

Sai kalma ɗaya da za ka haddace, sciopero, yajin aiki. Suna yi sosai amma ana sanarwa tun da kwanaki, kuma a ranakun aiki akwai lokutan da doka ta ce dole Regionale su yi tafiya, 6 zuwa 9 na safe da 6 zuwa 9 na yamma, masu gudu ma akwai jerin waɗanda ba a sokewa. Shi ya sa ban yarda da ƙanena Forza ba, daren ƙarshe ka kwana a garin da jirgin samanka zai tashi. Malpensa, filin jirgin saman Milan, ma kanta wajen minti 50 ce daga Milano Centrale. Kowane otal kuma zai karɓi harajin kwana daban da abin da ka biya a intanet, 'yan yuro kan kowane mutum kowane dare, ka ajiye canji.

Abban_Hanifa:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, wallahi kun buɗe min ido. Na karanta wa uwargida amsar Dan_Bologna tun daga layin farko take dariya, yanzu ba ni da bakin magana a gidan. Maganar akwati ɗaya ce dai Hajiya Maman Ikram har yanzu ana tattaunawa, an ce in tambaya ko jakar hannu tana cikin lissafi.

Ga sabon tsari. Mu sauka Rum ranar Alhamis mu huta. Juma'a masallaci, da yamma Kolosiyam. Asabar ni da yarinya mu je Napoli da Pompeii mu dawo, su Hajiya su huta su yi kasuwa, Forza ka ga ban watsa maka ƙasa a ido ba. Lahadi gidan tarihin Fatikan. Litinin da safe Firenze, mu shiga gidan zane-zane na Uffizi da rana, Talata Pisa don Hanifa ta ce ita dai sai ta hau benen nan da ya karkace. Laraba Venezia dare 2, Juma'a Milan, Asabar mu tashi. Como na cire da ƙyar, zuciyata na can. Akwai gyara?

Dan_Bologna:

Yauwa yanzu ka zo Yallaɓai. Gyara uku ne. Gidan tarihin Fatikan a rufe yake ranar Lahadi, sai Lahadin ƙarshen wata da ake shiga kyauta, ranar kuma layin sai ka tausaya wa kanka. Musanya kawai, Fatikan Asabar, Napoli Lahadi. Uffizi kuma Litinin ne ba sa buɗewa, haka gidan zane-zane na Accademia, don haka Litinin ku ajiye kaya a otal ku wuce Pisa da rana, awa ɗaya ne, Talata ku ba Firenze yininta cikakke. In jirgin da kuka samu yana tsayawa Pisa San Rossore ku sauka nan, ya fi kusa da hasumiyar, daga Centrale tafiyar minti 20 ce ko fiye.

Na ukun ne mai zafi, ka fara lallashin Hanifa tun yanzu. Ba a barin yaron da bai kai shekara 8 ba ya hau hasumiyar Pisa, doka ce. Hoton tokare ta da hannu dai za ta yi kamar kowa, ka saya mata gelato, wato askirim ɗinsu, babba.

Kolosiyam da Fatikan da Uffizi ka saya tun daga gida a shafinsu na asali, na Kolosiyam da na Pompeii da suna a jiki ne, ka rubuta daidai yadda yake a fasfo kuma ka riƙe fasfon. Yara 'yan ƙasa da 18 kyauta ne a gidajen tarihin gwamnatin Italiya amma a wasu wuraren sai ka cire mata nata tikitin na kyauta. In ranakunku sun kai Lahadin ƙarshen Oktoba a daren ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, waya tana gyara kanta, na hannu ne zai ruɗa ka, kuma daga nan wajen 5 na yamma rana ta faɗi. Tsakanin Firenze da Bologna kar ka yi rigimar kujerar taga, kusan duk hanyar cikin rami ce. Jirginku na Laraba ta nan zai bi, ku ɗago min hannu.

Maman_Ikram:

Ka ce musu jakar hannu ɗaya, wadda ake ratayawa, ba irin wadda na sani ba mai cin zani goma. Kuma su bar rabin akwatin ba komai, a Firenze akwai kasuwar San Lorenzo ta jakunkunan fata da gyale, in Hajiya ta shiga nan gwiwar warkewa take yi. Su taya ƙasa sosai, kuma su shinshina, ba duka ne fata ba.

Forza_Napoli:

Lahadi a Napoli? Yaya duba jadawalin Serie A tukuna, in suna gida ranar ka ƙyale Pompeii ɗin nan, ta shekara kusan 2000 tana jira ba inda za ta.